Yadda ake horar da hankali har ya kai ga prajna

A harshen Sanskirit, tsohon harshen Indiya, viveka na nufin rarrabewa, kamar yadda ake raba aya da tsakuwa. Basirar da ke biyo bayanta ita ce mabiya addinin Hindu da na Buda ke kira prajna. Patanjali ma, malamin Indiya na zamanin da, a babi na uku na littafinsa Yoga Sutra, ya yi maganar sanin da rarrabewa ke haifarwa. Ga yadda masu bin hanyar suke yi.

Matakai uku ne, kuma ba a tsallake ɗaya: a saurari malami, a juya maganar a zuci har shakka ta kau, sannan a zauna a gani da kai. Malaman Vedanta, wani reshen falsafar Hindu, suna ce musu shravana, manana da nididhyasana. Da yawa suna tsayawa a na biyu, sun iya bayani amma ba su taɓa gani ba.

Zaman kansa haka yake. Ware minti 30, zauna ka miƙe baya ba tare da ka ƙame ba. Minti 10 na farko na numfashi ne kaɗai, a bakin hanci ko a ciki inda yake tashi yana sauka. Kada ka rage wannan lokaci, domin ruwan da aka dama ba ya nuna fuska. A horon kwana 10 na tsarin S. N. Goenka, malamin da ya koyar da irin wannan zama bisa hanyar Buda, sai a rana ta huɗu ake fara aikin basira, kwanakin farko duk na natsuwa ne.

Sauran minti 20 su ne na rarrabewa. A ce gwiwa ta fara ciwo. Kada ka motsa tukuna, duba shi da kyau. Abin da ka kira ciwo guda ɗaya ashe tarin abubuwa ne: zafi a gefe, tsuka a ƙarƙashi, zogi mai zuwa yana tafiya. Can gefe kuma ga ƙin abin, ga muryar da ke cewa "yaushe lokaci zai cika?" Zogin daban, ƙin daban. Ganin wannan tsagar shi ne viveka.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗan Vedanta yana cewa duk abin da ake iya gani ba shi ne mai gani ba, sai ya ture shi da "neti neti", wato ba wannan ba, ba wannan ba, har sai mai ganin kaɗai ya rage, wanda suke kira Atman. Mabiyin Buda kuwa yana duba alamomi uku a kowane abu: ba ya dawwama, ba ya gamsarwa, kuma babu wani tabbataccen "ni" a cikinsa. Zaɓi ɗaya. Gauraya su a zama guda ruɗani kawai take kawowa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gyangyaɗi, don yana kama da natsuwa. Idan kai ya fara rinjaya gaba, buɗe ido, ko ka tashi ka ci gaba a tsaye. Wanda ya fi shi haɗari shi ne haske da daɗin da kan zo bayan zama ya yi nisa. Buddhaghosa, malamin ƙarni na 5 a Siri Lanka, ya lissafa irinsu goma masu sa ɗalibi ya zaci ya iso. Maganinsu shi ne a duba su kamar yadda aka duba ciwon gwiwa, a ga farkonsu, a ga gushewarsu. Idan kuwa zaman ya fara tayar da tsoro mai tsanani ko hana barci, a dakata a nemi ƙwararren malami ko likita.