Kurakuran da na gaji da gani a layin karɓar magani

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan maganin ƙanjamau, kuma kusan duk sabuwar da ta shigo ƙungiyarmu ramin da na faɗa take nufa.

Da zarar an ce mata ƙwayar cutar ta kwanta, gwaji bai ganta a jini ba, sai ta ce shi ke nan. Haka na yi. Na fara ganin jini bayan saduwa da maigida, ga ruwa mai wari, na ce sanyi ne. Wata bakwai ina jiƙe-jiƙe da tsarki da bagaruwa. Ranar da aka duba ni, ciwon bakin mahaifar da da an gano shi da wuri za a ƙone cikin 'yan mintuna, sai da ya kai ni ɗakin tiyata. Kuɗin keken ɗinkina can suka tafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin sankarar bakin mahaifa a wurinmu ya ninka na sauran mata sau 6, don ƙwayar HPV, wadda ke haddasa wannan sankara, ta fi daɗewa a jikin da garkuwarsa ta taɓu. Shi ya sa gwajinmu yake farawa daga shekara 25, na sauran mata 30. In gwajin da ma'aikaciya ke shafa ruwan khal a bakin mahaifa ne, duk shekara 3. In na HPV ne, 3 zuwa 5. Ni a Rajab nake zuwa, kafin hidimar azumi ta mantar da ni. Masu cewa kunya kuwa, haba 'yar uwa! Haihuwa shida kin yi a asibiti, yau ne za ki rufe fuska? Ki nemi ma'aikaciya mace.

Maza, naku ya fi ba ni haushi. Tabo baƙi ya fito a ƙafa ko a ganɗa, ko kaluluwa ta yi makonni ba ta saɓe ba, sai ku ce daji ne, ba ya son allura, ku nufi mai sakiya. Tabon na iya zama sankarar Kaposi, wadda sau da yawa takan ja da baya idan aka riƙe maganin ƙanjamau, wani lokaci a haɗa da allurar sankara.

Rigakafin HPV da Najeriya ta fara a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allura ɗaya ce, amma yarinya mai ƙanjamau aƙalla biyu take buƙata. Ku faɗa wa mai allurar.

Mai ciwon hanta nau'in B kada ya tsallake TLD, haɗin maganin ƙanjamau da ake ba mu, don sinadarin tenofovir da ke cikinsa ne ke danne ciwon.

Sigari da shisha, a bari kawai.