Yadda Ake Goge Fayilolin Tsarin Kwamfuta da Suka Ninku Bayan Maido da Ajiya

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu a Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo, na hannu ne, kuma faifan ajiyarsu bai wuce gigabait 128 ko 256 ba. Sai a kai kwamfuta gyara, a sake ɗora mata Windows, a maido da ajiyar da aka yi, a buɗe faifan C a tarar ya kusa cika. Ga foldar Windows, ga kuma wata Windows ɗin a cikin wata folda, ga Program Files biyu ko uku. Ka danna gogewa, kwamfuta ta ce sai da izinin TrustedInstaller.

Gogewar ba ta da wahala. Abin da ke halaka kwamfuta shi ne goge abin da mutum ya ɗauka kwafi ne alhali shi ne na ainihi, don haka daga nan za mu fara.

Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta echo %SystemRoot% ka danna Enter. Amsar da ta fito, galibi C:\Windows, ita ce foldar da kwamfutar ke aiki da ita yanzu, kuma ba a taɓa ta. Akwai wasu da ke kama da tagwaye amma kowannensu da aikinsa. Program Files na manhajojin 64-bit ne, Program Files (x86) na 32-bit. System32 da SysWOW64 ma haka suke. Sai WinSxS, ma'ajiyar sassan Windows, wadda ta fi ruɗin mutane: za ka ga fayil ɗaya a cikinta kuma a System32, ka ce ai ga ninki. Fayil ɗaya ne a kan faifai mai sunaye biyu, shi ya sa girman da Explorer, manhajar duba fayiloli, ke nunawa ya fi wurin da ta ci a zahiri. Wanda ya goge ta da hannu ya lalata sabuntawar Windows, wani lokaci ma kwamfutar ba za ta sake tashi ba. In tana damunka, wannan umarnin ne hanyar rage ta:

Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Ninki na gaskiya iri biyu ne. Na farko Windows.old, wadda Windows ke ƙirƙira da kanta idan an ɗora sabuwa a kan tsohuwa ba tare da an wanke faifan ba. Na biyu kuma foldar da mai gyara ko manhajar ajiya ta zuba tsohon faifan C gaba ɗayansa a ciki, mai suna irin su Backup, Restore ko sunan mai kwamfutar.

Kafin komai, shiga foldar Users da ke cikin tsohuwar ka duba Desktop, Documents, Downloads da Pictures. Kada ka manta da AppData, wadda a ɓoye take, domin nan bayanan burauza da na wasu manhajojin lissafin shago ke zama. Kwashe abin da ake buƙata zuwa faifan waje, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar suna buɗuwa. Umarnin da ke tafe ba ya bi ta kwandon shara. Abin da ya tafi ya tafi.

Idan Windows.old ce, ba ka buƙatar wani umarni mai tsawo. Danna maɓallin Windows da R, rubuta cleanmgr, zaɓi faifan C, danna Clean up system files, sa alama a Previous Windows installation(s), ka amince. A Windows 10 da 11 ita ma kanta tana goge foldar bayan kwana 10 da sabuntawa, amma takan bar saura, musamman fayilolin direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta.

Iri na biyun ne, wato foldar ajiyar da aka zuba, ke taurin kai, kuma ga dalili. Faifan Windows na amfani da tsarin NTFS, wanda ke rubuta wa kowane fayil mai shi da jerin waɗanda aka yarda su taɓa shi. Tun daga Windows Vista, fayilolin tsarin mallakar wani asusu ne na cikin gida mai suna TrustedInstaller, kuma ko mai gudanar da kwamfuta (administrator) karantawa kawai zai iya yi. Manhajar ajiya mai kyau tana kwafe fayil tare da wannan izinin, don haka kwafin ya dawo da kariyarsa duk da ba shi da sauran amfani. Fayilolin tsohon mai amfani kuma suna ɗauke da lambar shaidar tsohon asusu mai farawa da S-1-5-21. Ko ka sa wa sabon asusu suna iri ɗaya da na da, lambar daban ce, Windows kuma lamba take dubawa.

Magani shi ne ka karɓi mallaka, ka ba kanka izini, sannan ka goge. Nemo Command Prompt, danna shi da maɓallin dama na linzami, zaɓi Run as administrator. A misalin nan sunan foldar C:\Tsohuwa, sai ka sa naka:

takeown /F "C:\Tsohuwa" /A /R /SKIPSL /D Y

icacls "C:\Tsohuwa" /grant *S-1-5-32-544:F /T /C /L /Q

rd /S /Q "C:\Tsohuwa"

Na farko yana miƙa mallakar komai ga rukunin masu gudanarwa, na biyu yana ba rukunin cikakken izini (S-1-5-32-544 lambar rukunin ce a kowace Windows), na uku yana gogewa. Tsohuwar Windows kan ƙunshi fayiloli sama da dubu ɗari, saboda haka a tsohon faifai mai juyawa aikin na iya kai awa guda. Ka jona caja tun farko. In kwamfutar tebur ce ba laftof ba, kada ka fara sai da inbata ko janareta, domin ɗauke wuta ana tsakar rubutu a faifai na iya haifar da sabuwar matsala.

Kula da /SKIPSL da /L, domin mutane da yawa kan bar su, kuma nan ɓarna take. A cikin tsohuwar Windows akwai wasu abubuwa masu kamar folda amma mahaɗai ne da ke kai mutum wata folda daban, irin su Documents and Settings, All Users da Application Data. Cikakken adireshi suke ɗauke da shi, wato C:\Users ko C:\ProgramData, kuma bayan maido da ajiya wannan adireshin na sabuwar Windows ɗinka ne. Umarnin da ya bi mahaɗin zai fita daga tsohuwar folda ya shiga canza izini a cikin mai rai. Don ganin su kafin ka fara, rubuta dir /AL /S "C:\Tsohuwa". Shi rd mahaɗin kawai yake cirewa, ba ya bin sa. Saboda waɗannan mahaɗan ne ba mu ba da shawarar dabarar nan ta kwafa folda maras komai a kan tsohuwar da robocopy /MIR.

Sannan ka karanta abin da ka rubuta sau biyu kafin Enter. Idan sunan foldar na da tazara a tsakiya kuma ka manta da alamun zance, rd zai ɗauki kowace kalma a matsayin folda daban.

Wani lokaci za a goge mafi yawa a bar kaɗan. Saƙon da ya fito shi ke gaya maka abin yi. Idan ya ce wata manhaja na amfani da fayil ɗin, tsaya tukuna: ma'anarsa akwai abin da ke gudana daga cikin tsohuwar folda, sau da yawa manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta ko wata da aka buɗe ta tsohuwar gajeriyar hanya a Desktop. Buɗe resmon, shiga shafin CPU, rubuta sunan foldar a akwatin Associated Handles, za ka ga mai riƙe da shi. Sake ɗora wannan manhajar yadda ya kamata, sannan ka goge. Idan ya ce adireshin ya yi tsawo, iyakar haruffa 260 ce ta tsohon tsarin Windows, kuma ana tsallake ta haka:

rd /S /Q "\\?\C:\Tsohuwa"

Idan kuwa ya ce fayil ko folda ta lalace ba ta karantuwa, ba batun izini ba ne. Rubuta chkdsk C: /F, amsa da Y, sake kunna kwamfuta ka bar ta ta gama.

In duk sun ƙi, a goge daga wajen Windows. Riƙe Shift ka danna Restart, bi Troubleshoot, Advanced options, Command Prompt. A nan haruffan faifai kan sauya, C na iya zama D ko E, don haka rubuta dir D:\ da dir E:\ har ka ga inda foldar take, sannan ka yi rd. Idan faifan na kulle da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, za a nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na wanda ya saita kwamfutar. Masu laftof na hannu su nemo shi tun kafin su taɓa komai.

Masu Mac nasu daban ne. Tun daga El Capitan a 2015 akwai kariyar SIP, wadda ke hana ko sudo, umarnin mai gudanarwa, taɓa fayilolin da aka yi wa alamar restricted. Umarnin ls -lO na nuna alamar. Ana shiga Recovery, a buɗe Terminal, a rubuta csrutil disable, a sake kunnawa, a goge kwafin, sannan a koma nan take a rubuta csrutil enable.

Bayan an gama a Windows, sake kunna kwamfutar ka gudanar da sfc /scannow, mai duba lafiyar fayilolin tsarin, a matsayin mai gudanarwa. Idan ya ce ya ga fayilolin da ya kasa gyarawa, jona intanet ka rubuta Dism /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda zai iya cin data, sannan ka maimaita sfc. Faifan wajen da ke ɗauke da ajiyar kuma a bar shi yadda yake na mako ɗaya ko biyu, har mai kwamfutar ya buɗe duk manhajojin da yake aiki da su.