Me ke cikin kumfar tafasasshen ruwa? Kurakuran ɗalibai kan haɗin atom

Tambayi ɗan aji ɗaya a Samaru ta Zariya, ko mai shirin WAEC a Tudun Wada, abin da ke cikin kumfar da ke tasowa idan ruwa ya tafasa a tukunyar mai shayi. Da yawa za su ce haidurojin da oksijin ne. Da haka ne, da ba teburin shayin da zai kwana lafiya a Kwangila, don waɗannan gas biyu idan suka gauraya kusa da wuta fashewa suke. Tururi ne kawai, H₂O ɗin nan dai.

Tushen kuskuren shi ne rashin bambance haɗin da ke cikin molikul (atom ɗin da suka haɗu wuri ɗaya, kamar H₂O) da jan da ke tsakanin molikul da maƙwabcinsa. A ciki, oksijin da haidurojin suna tarayya a elektron, tazararsu nanomita 0.096 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma tsinka haɗin yana cin kimanin kilojul 463 na makamashi a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyi; mol ɗaya na ruwa giram 18 ne). Jan da ke tsakanin molikul biyu kuwa bai wuce kilojul 20 da ɗoriya ba. Mayar da giram 18 na ruwa tururi yana cin kilojul 41, alhali wargaza shi zuwa atom-atom zai ci sama da 900. Maganin abin: zana molikul uku, ka ja layi cikakke a cikin kowanne, ka sa ɗige-ɗige a tsakaninsu. Ɗige-ɗigen ne tafasa ke rabawa.

Sunan "haɗin haidurojin" ma yana ruɗa mutane. Ɗige-ɗigen nan ake nufi, kuma sai haidurojin yana manne da naitirojin (N), oksijin (O) ko fulorin (F). Gas ɗin metan, CH₄, na da haidurojin huɗu amma ba shi da wannan haɗin, shi ya sa yake tafasa a wajen −162°C. Af, idan ma'aunin zafi ya nuna ruwa ya tafasa a 98°C maimakon 100°C a ɗakin gwaji, kar a rubuta cewa ruwan gurɓatacce ne. Zariya tana sama da teku da fiye da mita 600, nauyin iska ne ya ragu.

Akwai kuma masu rubuta cewa tsinka haɗi yana fitar da makamashi. Tsinkawa ci take yi, ƙullawa ce ke bayarwa. A gwada da ƙonewar CH₄. Za a tsinka C–H huɗu (4 × 413) da O=O biyu (2 × 498), jimla kilojul 2,648. Za a ƙulla C=O biyu (2 × 799) da O–H huɗu (4 × 463), jimla kilojul 3,450. Cire na biyu daga na farko: −802. Wanda ya juya lissafin zai sami +802, wato ya ce gas sanyaya tukunya yake yi. Idan littafi ya ba da 890, ya ɗauki ruwan da aka samu a matsayin ruwa ne, kai kuma a matsayin tururi.

"Molikul na NaCl" babu shi a gishirin miya. Kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ shida, haka har ƙarshen ƙwayar, shi ya sa sai a 801°C yake narkewa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne jan van der Waals, wato jan da ke tsakanin atom ko molikul da ke kusa da juna, musamman nau'in da Fritz London ya bayyana a 1930. Ana haddace cewa rarrauna ne, kuma na molikul marasa ɓangaren caji ne kaɗai. Yana cikin kowane abu, har ruwa, kuma yana ƙaruwa da yawan elektron: kulorin gas ne, buromin ruwa-ruwa, ayodin daskararre. Raunin nasa ma sai an tambaya, a wace tazara? Makamashinsa tsakanin atom biyu yana bin 1/r⁶ (r ita ce tazarar), wato idan tazara ta ninka biyu, ya ragu sau 64. Idan an matso sosai kuwa, ga fili mai yawa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tsaka ba gam a ƙafarta. Gashi ne ƙanana birjik, kowanne ya rarrabu, suna kwanciya a bango har tazarar ta koma ta nanomita. Garin ƙurar hunturu da ke liƙe a gilashin waya, a kifa ta ƙi zuba, da hannun wannan jan a ciki. A bakin fensir, atom ɗin kabon na shimfiɗa ɗaya suna nanomita 0.142 da juna, shimfiɗa da shimfiɗa kuwa 0.335, riƙon sako-sako na wannan jan, sai su zame su zauna a takarda.

Wannan sakacin yakan ci masu aikin kammala digiri da ke haɗa nano-ƙwayoyin azurfa, wato ƙwayoyin da girmansu na nanomita ne. Jiya ruwan rawaya ne garau, yau ya yi toka-toka, baƙin gari ya kwanta a gindin kwalba. Ƙwayoyin ne suka dunƙule. Kullum suna jan juna, cajin da ke jikinsu ne ke hana su haɗuwa, gishiri kaɗan kuma ya isa ya dushe tasirin cajin. Ruwan famfo ko na burtsatse yana ɗauke da gishirin, kuma kulorayid ɗinsa yana kama azurfar tun kafin a fara, ya ba da farin garin AgCl, haɗin azurfa da kulorayid. A yi aiki da ruwan da aka tace ta tururi, har a ɗaurayar ƙarshe ta kwalabe. A sa abin da zai lulluɓe ƙwayoyin, kamar sinadarin sitiret. A ajiye a kwalba mai duhu, a wuri mai sanyi, amma kar a bari ya daskare. A auna a na'urar haske ranar da aka haɗa: tudun da ke kan zanen da na'urar ke fitarwa, inda ƙwayoyin suka fi shan haske, ya kamata ya fito wajen zangon haske na nanomita 400. Idan bayan kwana biyu ya baje ya karkata zuwa dogon zango, dunƙulewa ta fara, girgiza kwalba kuma ba ta cika raba su ba.