Kurakuran da ɗaliban likitanci suka fi yi a anatomin ciki

Wallahi na gaji da ganin ƙannenmu suna haddace kayan ciki ɗai-ɗai, hanta daban, saifa daban, hanji daban, sai a tambaye su wace jijiya ce ke kai jini wane sashe kowa ya yi zuru. Daga nan sauran kurakuran suke tasowa.

Tun a ɗan tayi hanji kashi uku ya rabu, kowane kashi da jijiyarsa daga awota, wato babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya. Na gaba, daga ƙasan bututun abinci da tumbi har inda bututun madaciya ya shiga duwodinom (farkon ƙaramin hanji), jijiyar siliyak ce ke shayar da shi, shi da hanta da saifa, tana fitowa daidai T12, wato ƙashin baya na 12 a sashen ƙirji. Na tsakiya na SMA ne (jijiyar hanji ta sama) a L1, ƙashin baya na farko a sashen ƙugu, ya miƙe har kashi biyu cikin uku na babban hanjin da ya gitta ciki, sauran kuma, wato na baya, na IMA ne (jijiyar hanji ta ƙasa) a L3, ƙashi na uku a ƙugu. In ka riƙe wannan ai ciwon ma ka gane shi, na gaba a ƙahon zuci ake jin sa, na tsakiya a cibiya, na baya a mara, shi ya sa ciwon afendis, da yake a kashi na tsakiya, yake farawa a zagayen cibiya sai kumburin ya taɓa tantanin bangon ciki sannan ciwon ya gangara ƙasan dama. Ni dai kafin in buɗe littafi sai na zana awota da rassan nan uku da ka, kullum, kuma haka nake sa na ƙasa da ni su yi.

Sai maganar hagu da dama, haba jama'a! Damar majinyaci ake nufi ba taka ba. Hoton CT daga wajen ƙafafu ake kallon sa, hanta za ta fito a hagunka. Na ga wani ya ɗora yatsa kan hanta ɓaro-ɓaro ya ce saifa ce ta kumbura, a gaban mai jarrabawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda gobe mutum za a ba ka. Ɗora hannu a cikinka ka faɗi sunan abin da ke ƙarƙashi kafin ka kalli hoton.

Ƙodar dama ta ɗan fi ta hagu ƙasa, hanta ce ta danne ta. Ƙoda da fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin) a bayan tantanin ciki suke, banda wutsiyar fankiriyas. Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙari na 9 zuwa 11 a hagu, mai lafiya ba ta taɓuwa da hannu. Afendis kuma sau da yawa a bayan sikom (farkon babban hanji) yake ɓuya, kar ka zata kullum yana rataye kamar a zanen littafi.