Yadda Ake Cire Ƙarafan Wuyan Jitar Bas

Na yi shekaru ina kaɗa bas, wato jita mai kaurin sauti, har ta gundure ni. Ranar da na cire ƙarafan da ke gicce a wuyanta, sai sautin ya riƙa zamewa kamar na goge, sha'awata ta dawo sabuwa. Shahararren makaɗin bas Jaco Pastorius ma haka ya yi wa bas ɗinsa ta kamfanin Fender ƙirar 1962.

Fara da tsohuwar jita mai araha. Kwance tsirkiyoyin duka.

Ɗauko ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, ka ɗumama kowane ƙarfe kaɗan don gam ya saki. Sai ka kama bakinsa da filaya, ka ɗaga a hankali daga gefe zuwa gefe. Nan ne wurin haƙuri. Ni gaggawa ta sa na tsage katako a ƙarfe na biyar, tabon yana nan har yau.

Cike ramukan da siririn farin katako da gam, don layin ya riƙa fitowa. In ya bushe, goge da samfefa har ya yi sumul.

Ɗaura tsirkiya mai santsi, mai kaushi tana cin katako.

Wajen kaɗawa, ɗora yatsa daidai kan layin, ba bayansa ba. Kaɗa tsirkiya ɗaya ba tare da ka danne ta ba, ka daidaita sauran sautukan da ita da kunne.