Yadda ake tantance gwara da agwagin ruwa a ƙarshen kaka

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, watan Nuwamba lokaci ne mai kyau ga mai koyon kallon tsuntsaye. Ganye ya zube, ido na shiga cikin kurmi, kuma agwagin da suka gudo daga sanyin arewa sun sauka a tafkunan wuraren shaƙatawa.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashinsa na gaba milimita 42 ne, don haka yana ɗaukar haske ko da gari ya yi hazo. Mai ninki 10 ko 12 yana rawa a hannu, musamman idan sanyi ya kama yatsu. Kuskuren da sabon shiga ke yawan yi shi ne ya sunkuya ya ɗauko madubi, kafin ya ɗago tsuntsu ya ɓace. Ka kafa ido a kan tsuntsun, sannan ka ɗaga madubin zuwa idonka. Ka fita da sassafe, ka ba rana baya, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi zai zame maka.

Fara da tafki, domin agwagwa ba ta gaggawa. Kafin launi, dubi yadda take kiwo. Wasu kai kawai suke tsomawa, bindi a sama, idan an firgita su kuma sai su yi sama kai tsaye. Wasu nutso suke yi gaba ɗaya su ɓullo can gaba, kuma sai sun yi gudu a kan ruwa kafin su tashi, saboda ƙafafunsu na can baya. Wannan kaɗai ya rage maka rabin aiki.

A rukunin farko agwagwar da ake kira malad (mallard a Turance) ce ta fi yawa. Toron yana da koren kai mai ƙyalli, rawayan baki da farin zobe a wuya. Macen ruwan ƙasa ce mai ɗigo-ɗigo, kuma a nan ake ruɗewa, don matan agwagi kusan kamarsu ɗaya. Dubi fiffike: na malad yana da tabo shuɗi da farin layi sama da ƙasa. Dubi baki kuma, akwai wadda nata faffaɗa ne kamar cokali. Toron da take bi ma shaida ne, domin a wannan lokacin yawancinsu sun fara haɗuwa biyu-biyu. Idan ka ga mai kama da malad amma da farin ƙirji ko jiki ya yi girma fiye da kima, kada ka wahalar da littafin tantance tsuntsaye, galibi barbarar yanyawa ce da agwagwar gida. Baƙin tsuntsun nan mai farin baki da farin goshi, mai gyaɗa kai idan yana iyo, shi ake kira kut (coot a Turance), ba agwagwa ba ne.

Gwara shi ne mai wuya: ƙarami, ruwan ƙasa, ba ya zama wuri ɗaya. Nemi bakin kurmi, inda ciyawa mai iri ta haɗu da shinge, ka tsaya cik minti goma. Za su fito da kansu. Abu uku za ka duba a jere: kai, ƙirji, baki.

Namijin gwaran gida saman kansa toka-toka ne, da baƙin tabo a maƙogwaro, sai dai a kaka tabon kan dushe saboda sabon gashi ya rufe shi. Macen ba ta da ado sai layi mai haske bayan ido. Gwaran bishiya na Turai kuwa kansa duka ja-ja ne, da baƙin ɗigo a farin kumatu, mace da namiji iri ɗaya. A Amurka ta Arewa ire-iren sun fi yawa. Akwai mai farin maƙogwaro da ɗigon rawaya tsakanin ido da baki, akwai mai zane-zane a ƙirji da suka taru suka yi tabo a tsakiya, akwai janko mai launin toka wanda gefen bindinsa fari ke walƙiya idan ya tashi. Bakin gwara gajere ne mai kauri, na fasa iri. In ka ga siriri, ba gwara ba ne.

Kada ka buɗe littafi ko Merlin, manhajar tantance tsuntsaye, alhali tsuntsu na gabanka. Kalle shi har ya tashi, ka rubuta abin da ka gani, sannan ka duba. Alama ɗaya ba ta yanke hukunci, a samu biyu ko uku. Burodi kuma a bar shi a gida: yana cika wa agwagi ciki ba tare da gina jiki ba, ragowar kuma ta ɓata ruwan.