Yadda nake hana apt kwaso tarkace

Yawancin kwamfutocin da ɗalibai ke kawo min shago a Farin Gada, nan Jos, tsofaffi ne. Ma'ajiya ƙarama, ga data da tsada. Shi ya sa in na ɗora musu Ubuntu ko Debian (nau'o'in Linux) ba na sakar wa apt, wato manhajar da ke saukar da sauran manhajoji, linzami.

Abubuwan da manhaja ke jawowa kashi uku ne. Depends dole ne, in babu su ba za ta tashi ba. Suggests kuwa apt ba ya taɓa su sai ka ce. Matsalar tana wajen Recommends: ba dole ba ne, amma yana saukar da su bai tambaye ka ba, su ma kuma su jawo nasu.

Ka fara da gwaji, ba abin da zai sauka:

apt-get -s install sunan-manhaja

Karanta jerin da kyau. In ya yi tsawo, sai ka rubuta:

sudo apt install --no-install-recommends sunan-manhaja

In ka gaji da maimaitawa, buɗe sabon fayil a /etc/apt/apt.conf.d/ ka sa wannan layi:

APT::Install-Recommends "false";

Ni dai a kwamfutar saba (server) kawai nake yin haka. A kwamfutar ɗalibi yakan jawo ciwon kai, don wani abin da ke cikin Recommends yana da amfani sosai. Misali wget, manhajar sauke fayil daga intanet: a injin da ba shi da ca-certificates (takardun shaidar da ake tantance shafukan https da su), zai sauka lafiya amma ya ƙi buɗe adireshin https. Sai ka sa ca-certificates ɗin da hannunka.

Abin da ya riga ya taru kuma, sudo apt autoremove zai kwashe wanda babu mai bukatarsa, amma ba zai taɓa Recommends na manhajar da har yanzu take kan injin ba. Duba jerin kafin ka danna Y.